Fulogin da Lambarsa ta Goge

A rumfar kayan gyaran injuna, wani dattijo ya kwance ƙyalle, ya ajiye tsohon fulogi a kan tebur.

"Irin wannan nake so, guda huɗu. Na tarakta ne."

Mai rumfa ya jujjuya shi. "Baba, tarakta mai fulogi? Ai yanzu duk dizal suke sha."

"Tawa fetur take sha. Ta girme ka."

"To ina lambar jikinsa?"

"Ta goge. Duk damina sai na kankare shi da samfefa."

"Ka kankare sunansa ke nan. Akwai mai zafi, akwai mai sanyi. In na ba ka wanda bai dace ba, sai ya huda fistin, injin ya tashi aiki."

"Gwada da ido mana, ɗana."

"Ido tsawo kawai yake gani. A da, wa ke sayo maka?"

"Yayana. Shi ya haddace lambar."

"To kira shi mana."

Dattijon ya mayar da fulogin cikin ƙyallensa, ya ƙulle a hankali.

"Ruwa ya sauka, maƙwabta duk sun yi huɗa. Shi kuwa wata biyu ke nan da muka binne shi. Shekara talatin muna gona ɗaya, ban taɓa tambayarsa ba."