Yatsun Mai Algaitar Dambe

A ɗakin jira na wani asibiti a garin Korat, Thongsuk, mai busa algaita a filin dambe, ya miƙe zai sulale tun ba a kira shi ba. Da furfurarsa, tsoron wuƙar likita ya mai da shi yaro. Wata tsohuwa ta riƙo rigarsa.

"Ina zuwa, ɗan nan?"

"Gida, Inna. Yatsu uku ne kawai suka yi sanyi, ba na jin ramukan algaita. Mai yi wa 'yan dambenmu tausa yana murza min da mansu."

"Kai ɗan dambe ne? Jijiya ce ta matse a wuyan hannunka, ga ƙaton mai tausa yana ƙara danne ta!"

"In suka yanka ni, busa ta ƙare."

"Wa ya ce da yanka ake farawa? Akwai maɗaurin hannu da ake kwana da shi. In bai yi ba, allura. Aiki ne na ƙarshe, kuma ɗan tsagi ne."

Ta buɗe tafinta. Naman gindin babban yatsanta ya shanye.

"Shekara talatin ina dakan kwaɗon ɗanyar gwanda a turmi ina sayarwa a kasuwa. Na yi ta gudu irin naka har na makara. Da aka yi min aikin, ciwo ya tafi, ƙarfi bai dawo ba."

Thongsuk ya daɗe yana kallon hannun. Ya haɗa tafukansa a goshi, ya sunkuya.

"Kin cece ni, Inna. Da me zan saka miki?"

"Zauna tukuna. In ka warke, kai za ka yi busa ranar da za a ƙona gawata bisa al'adarmu. Kada ka kuskure ko rami ɗaya, ina ji."