Na'ura ta Huɗu

A tashar jirgin ƙasa ta Zwolle, wata mata ta manta kalmar sirrinta tana ta tsaki. Mutumin da ke gefenta a benci ya leƙo, ya nuna mata wayarsa.

"Baiwar Allah, ki sa manhajar adana kalmomin sirri ki huta. Ga tawa: Windows a ofis, Linux a gida, Android a aljihu, duk bakinsu ɗaya."

"Uku ka lissafa, malam. Na'ura huɗu nake gani a jerin."

"Wannan iPad ɗin Femke ne, matata. Ta koma Groningen tun bara."

"Kun rabu?"

"Haka lauya ya ce."

"Kuma har yanzu tana iya buɗe bankinka? Ka cire ta mana. Ko da wuya ne?"

"Ina! Dannawa ɗaya ce. Ai kyan manhajar ke nan."

"To?"

Ya goge gilashin wayar da hannun riga.

"Tana nuna ranar da kowace na'ura ta shiga. Ta Femke ta shiga ran Lahadi."

"Ai da kansu suke shiga, ko ba a taɓa su ba."

"Na sani," in ji shi. "Amma sai an sa musu caji."