Su Wa Ke Kallon Pake Hidde?

Shugabar ƙungiyarmu ta masu zamiya a kan ƙanƙara ta garin Aldemar, Uwargida Baukje Terpstra. Sakataren ƙungiya, Mista Jorrit Algra. Ma'aji da sauran 'yan kwamiti. Dattawan da suka share filin zamiyarmu da hannunsu tun ba a haife mu ba. Iyayenmu da suka dafa kofi suka yanka kek ɗin da ke jiranmu a bayan zaure. 'Yan ajinmu da suka cika layin ƙarshe suna jiran harshena ya sarƙe. Jama'a maza da mata, barkanku da yamma.

Sunana Marrit Wiersma, shekarata goma sha uku. Ban taɓa magana a gaban mutanen da suka wuce biyar ba, don haka idan muryata ta yi ƙasa, na baya ku ɗaga hannu. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni minti goma kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina godiya ta musamman ga Mista Jorrit, domin shi ya zaunar da ni ya koya mini karanta alƙaluman shafinmu, alhali ya san da su zan zo in yi masa gardama yau.

Abin da ke gabanmu kun ji shi. Mista Jorrit ya kawo shawara a daina saka bidiyon awon ƙanƙara na kowace safiya a shafin ƙungiya, saboda ba ya kaiwa ga mutane. Mai awon kakana ne, Pake Hidde, ga shi can kusa da taga da hularsa a gwiwa. Ni ce mai riƙe wayar.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Daga ɗaya ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, ƙarfe bakwai da rabi, yana bakin filin, wato ruwan da muke jira ya daskare, da sandar awonsa mai ƙugiya. Sai ƙanƙara ta kai kaurin santimita takwas ake buɗe ƙofa. Hunturu huɗu ke nan a jere ba ta kai ba. Amma kullum sai ya tsaya, ya tsoma sandar, ta nutse cikin ruwa, ya ɗago ya dubi wayar ya ce: "Aldemar, sha biyu ga Janairu. Kauri, sifili. Babu ƙanƙara yau. Kowa ya kama gabansa." Daƙiƙa arba'in, shi ke nan.

Ina so in yi bayanin lambobi uku, domin na lura kowa a garin nan ya riƙe ɗaya ya bar biyu.

Ta farko ita ce yawan kallo. Ita ce babbar lambar da ke ƙarƙashin bidiyo, wadda kowa ke gani. Ta Pake takan kai ɗari biyu kowace rana. Ita ya riƙe. Ranar da ya fara ganinta, daga filin kai tsaye ya wuce shagon burodi, ya ajiye wayar a gaban Sjoukje mai shagon.

"Duba nan, ke mai cewa ba wanda ya damu da ni. Ɗari biyu! Kashi ɗaya cikin uku na garin nan."

Ta ce, "Kai Hidde, mutum ɗari biyu su tashi da sassafe don su ga tsoho yana jiƙa sanda? To ka riƙa taje gemu, tunda ka zama ɗan fim."

Kuma ya fara tajewa. Kun gani da idonku.

Sai dai wannan lamba ba mutane take ƙirgawa ba. Sau nawa bidiyon ya kunnu take ƙirgawa. Idan mutum ɗaya ya kunna sau goma, goma za ta rubuta. Na san haka tun watan Disamba, na rasa bakin faɗa masa.

Lamba ta biyu ita ce yawan waɗanda abin ya kai gare su. Wannan a ɓoye take, sai mai riƙe da shafi ke ganinta. Ita ba ta ƙirga maimaici. Ko mutum ya wuni yana kallo, ɗaya zai zama. Ta Pake ashirin da huɗu ce. Wata ranar ashirin da uku, idan babana ya makara. Ita Mista Jorrit ya riƙe, kuma bai yi ƙarya ba. Bidiyon da ya ɗauka ranar da dinya, ƙatuwar agwagwar nan, ta kori ma'ajinmu har cikin rumfar kekuna ya kai ga mutum dubu tara. Dubu tara a gefe guda, ashirin da huɗu a ɗaya gefen. Kowa ya ga haka zai ce abin da ya ce. Yana so ƙungiya ta samu sababbin yara, ni ma ina so.

Lamba ta uku ƙarama ce, tana can ƙasa inda ba a cika dubawa ba: tsawon lokacin da mai kallo ya tsaya. A bidiyon dinya, yawancin mutane daƙiƙa uku suka yi suka wuce, tun kafin ma'aji ya fara gudu sosai. Ka yi haƙuri, ma'aji. A na Pake kuwa, kusan kowa na kaiwa ƙarshe, har inda yake cewa kowa ya kama gabansa.

Wannan ne ya hana ni sukuni. Mutum ashirin da huɗu, kallo ɗari biyu, kuma duk har ƙarshe. Na lissafa waɗanda na sani: gidanmu uku, Sjoukje duk da bakinta, 'yan kwamiti, kawuna da ke Kanada. Babu ɗayansu da zai kalli sanda tana nutsewa sau biyu. To wa ke maimaitawa? Na tambayi Mista Jorrit, ya ce, "Allon waya ba ya faɗin suna, Marrit. Lamba kawai yake bayarwa."

Laraba ta makon jiya ba mu da darasin safe, sai na raka mamata gidan kula da tsofaffi da ke garin Snits, mu kai wa kakata tabaranta da aka gyara. Yawancinku kun san ta, Beppe Griet, matar Pake. Shekara biyu ke nan tana can, tun da mantuwa ta yi mata yawa. Mu da Lahadi da yamma muke zuwa, ban taɓa ganin gidan da safe ba.

Mun shiga ƙarfe takwas saura, muka tarar ana karin kumallo. Wata ma'aikaciya mai suna Nynke ta jingina babbar wayar gidan da tulun madara a tsakiyar tebur. Na ƙirga kawuna goma sha huɗu sun karkato. Sai na ji muryar Pake. Bidiyon da na ɗauka da hannuna minti ashirin da suka wuce.

Wani tsoho mai keken guragu ya buga tebur ya ce, "Ku dube shi! Shekara arba'in, har yau bai iya riƙe sanda a miƙe ba."

Wata ta ce, "Rufe mana baki, Wopke, kai da ka faɗa ruwa sau biyu a hunturu ɗaya."

"Tura ni aka yi!"

"Sifili," in ji Pake daga cikin wayar. Sai duk teburin ya ɗauki "Kash!" kamar ba su san amsar ba tun daga taga.

Jama'a, mutum goma sha huɗu ne, tara daga cikinsu sun taɓa riƙe katin wannan ƙungiya. Amma waya ɗaya ce, don haka allon ya rubuta ɗaya. Lambar da Pake ya riƙe ta yi ƙari. Lambar da Mista Jorrit ya riƙe ta yi ragi. Ba laifin lambobin ba ne, abin da aka ce su ƙirga shi suka ƙirga.

Da aka kwashe kwanuka, kowa ya watse, sai Beppe ta jawo wayar gabanta. Ta ciro ɗan littafi da fensir daga aljihun rigar sanyinta. Ta taɓa allon, Pake ya sake tsoma sanda. Ta saurara har ƙarshe, ta rubuta wani abu. Ta ɗan zauna. Ta sake taɓawa.

Nynke ta ce mini a hankali, "Haka take yi har lokacin abincin rana. Idan na ɗauke don in yi caji, sai ta ce in yi sauri, mutane na jira."

Manya a nan sun san abin da take nufi. Kafin a fara saka awon a waya, idan Pake ya auna, Beppe ce ke ɗaukar alli ta rubuta kaurin a allon da ke jikin tagar shagon burodi, don 'yan makaranta su gani. Shekara talatin tana yi. Na leƙa littafin. Shafi bayan shafi, sifili ne, an jera su tsaf, kowanne da kwanan wata.

Akwai abin da ba mu cika faɗa a waje ba, amma Pake ya ba ni izini. Idan muka je ranar Lahadi, ya sa rigarsa ta coci ya riƙo furanni, Beppe ba ta gane shi. Takan gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki. Yakan ce eh, ya je ya taɓa bututun, ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma a ranar nan, da na zauna kusa da ita, ta nuna mini allon wayar da fensir ta ce, "Mijina ke nan. Bai naɗa abin ɗumama wuya ba kuma. Taurin kai gare shi kamar ƙofar coci."

Ranar Alhamis, muna dawowa daga filin, na tsayar da kekena na gaya wa Pake duka. Na fara da marar daɗin.

Na ce, "Pake, ba mutum ɗari biyu ba ne. Ashirin da huɗu ne."

Ya ce, "To sauran fa? Aljanu?"

Na ce, "Beppe ce."

Ya gyara hularsa. Sannan ya ce, "Sau nawa?"

"Wajen ɗari da saba'in. Kullum."

Ya share hanci da bayan safar hannu ya ce, "Shekara hamsin ina magana a gida ba ta taɓa saurarona har ƙarshe ba." Ya hau kekensa. Da muka kai kwanar coci ya waiwayo ya ce, "Kada ki gaya wa Sjoukje." Ki yi haƙuri, Sjoukje, yanzu kin ji.

Mista Jorrit ya yi mini tambaya mai kyau da na ba shi labarin. Ya ce me zai hana a riƙa tura bidiyon kai tsaye zuwa gidan tsofaffin, a bar shafin ga abin da zai jawo yara? Na kai wa Pake tambayar. Ya ce, "Ni ba gaisuwa nake aikawa ba. Sanarwar ƙungiya nake yi." Na yi tunani, na ga gaskiyarsa. Mutanen teburin nan ba su taru don a yi musu alheri ba. Suna buɗe shafin ne su ga tambarinmu a sama, su ji abin da duk garin ke ji a safiyar, su san har yanzu da su ake. Beppe kuma ba hoton mijinta kawai take kallo ba. Aiki take yi. Idan babu mutanen da ke jira, babu dalilin rubutawa.

Don haka roƙona ga wannan taro guda biyu ne. A bar Mista Jorrit ya ci gaba da neman dubu tara ɗinsa, zan taimaka masa, na ma san inda dinyar take kwana. A kuma bar wa Pake daƙiƙa arba'in ɗinsa. Idan kwamiti ya zauna duba alƙaluma a ƙarshen wata, a karanta lambobin nan uku tare, kada a ɗauki ɗaya a bar biyu. Idan an ga wata ta yi abin da ba a gane ba, a hau keke a je a duba.

Waɗanda suka kalli na jiya Juma'a sun ga ɗan canji. Masu kallo ashirin da huɗu ne, don haka bari in faɗa wa sauran. Pake ya fito da jan abin wuyan da Beppe ta saƙa masa, ya naɗa shi har kunne. Ya tsoma sanda, ya ce kauri sifili, babu ƙanƙara yau. Sannan bai ce kowa ya kama gabansa ba. Ya matso kusa da wayar har gemunsa ya cika allon, ya ce, "Griet, rubuta."

Nynke ta aiko wa mamata saƙo da rana. Ta ce Beppe ta amsa masa. Cewa ta yi, "Na rubuta tun ɗazu, sarkin surutu."

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, na nan da na teburin Snits. Allah ya ba shugabanninmu haƙurin jagorancin ƙungiyar zamiya a shekarun da babu abin zamewa a kai. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya kawo mana sanyi na gaske, ko na mako ɗaya ne, domin kakata ta samu ranar da za ta rubuta takwas.

Shugaba, na mayar miki da zaure. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe.