Ya Gama Nasa, Ya Hana Ni Nawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya tare da masu sauraro. Ni ce Hadiza daga Bagudo.

Da muka yi aure, ni da maigidana duk mun gama sakandare. Muka yi alkawari a gaban babana cewa shi zai fara zuwa kwaleji, in ya gama ni ma in tafi in karanta aikin ungozoma. Yana makaranta ina tsallaka iyakar Benin ina saro atamfa ina sayarwa, da haka na riƙe gida. In ya zo hutu ba na bari ya je gona, sai in ce ya zauna ya yi bita.

Ya gama, ya samu aikin koyarwa. Bana na samu gurbi a makarantar ungozoma, ya ce in dakata sai bayan Sallah.

Da hutun Sallah muka je Lafagu gaishe da iyayena. Babana ya ce, "Ɗiyata, mijinki ya ce mani kin haƙura da karatu, kasuwa kika fi so. Allah shi yi albarka."

Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. A hanya na tambaye shi, ya ce, "In kin tafi wa zai riƙe gida?"

Malam, ƙaryar da ya yi da sunana ta fi hanin ciwo. Rajista ta kusa rufewa. In faɗa wa babana gaskiya, ko in rufa wa mijina asiri? Ku ba ni shawara.