Matatar da Aka Cire

A wata rumfar kayan famfo a unguwar PK8, wani mai kamfanin ruwan leda ya dangwarar da wata matatar ruwa gaban mai rumfar.

"Malam, jabu ka sayar mini! Ko sati ba ta yi ba ta toshe!"

"Ka sa tankin yashi kafin ita?"

"Wane irin yashi kuma?"

"Yashi ke tare laka, gawayi ya kashe wari, wannan ta zare ta kama ɗan abin da ya rage. Ka sakar mata ruwan rijiya kai tsaye, ba dole ta toshe ba?"

"Kai ka sani! Ni tuni na cire ta, ina ta cika leda haka nan. Wa ya mutu?"

Mai rumfar ya dubi ledar ruwan da ya sha rabinta.

"Bawan Allah, yaya sunan kamfanin naka?"