Kun Raba Ni da Tafintata

Shugabar wannan taro, kuma shugabar Gidan Golondrina, Señora Araceli Ocampo. Fada Anselmo na cocinmu, wanda Allah ya nufa kujerarsa ta faɗo daidai kusa da teburin tamale, alalarmu ta masara. Manyan baƙi masu tallafa wa wannan ƙungiya, waɗanda suka maƙala na'urar fassara a kunne suna murmushi tun ban ce komai ba. Malamai da masu aikin sa-kai. Abokan aikina na rumbun tuffa, da suka sha jan-baki yau har na kasa gane wasunsu. 'Yan matanmu da ake yayewa. Iyaye da kakanni, da waɗanda abinci kaɗai ya kawo su: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanku da yamma. Ke kuma baiwar Allah da ke can baya kina juya maganata zuwa Turanci, ki juya ta yadda na faɗe ta, kada ki zuba mata sukari.

Sunana Herminia Barragán, mahaifiyar Yaretzi. An ce in yi magana a madadin iyaye, kuma ina godiya da wannan girma, ko da yake na san ba don zaƙin bakina aka ba ni shi ba. Babu wanda bai sani ba a kwarin Yakima cewa 'yata ta samu gurbin karatu a wata jami'a can gabashin ƙasar nan. Babu kuma wanda bai sani ba cewa har yau ban sa mata albarka ba, ita kuwa ta rantse ba za ta taka ko nan da can ba sai da albarkata. Ƙawata Chayo, uwar baftismarta, ta ɗauki nauyin sanar da duk wanda bai ji ba, Allah ya saka mata. Sai Señora Araceli ta yi dabara: a miƙa wa mai taurin kan lasifika a gaban Fada da jama'a, a ga ko za ta iya cewa a'a. To, na karɓa. Amma da ƙorafi na zo, kuma zan jera shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Na kawo muku yarinya mai kunya, mai sunkuyar da kai, domin ku taimaka mata da lissafi. Lissafi na ce. Kuka mayar mini da wadda ke kallon mutum tsakiyar ido. Kun san yadda ake cin abincin Lahadi a gidajenmu: maza a zaune, mu a tsaye bakin murhu muna ɗumama tortiya, gurasarmu ta masara, sai sun ƙoshi mu ci abin da ya huce. Ran nan yayana Fidencio ya ɗaga kwando ya ce, "Ke Yaretzi, tortiya ta ƙare." Ta ce, "Kawu, ga murhu can, ba ya cizo." Ya juyo ya ce, "Herminia, kina jin abin da 'yarki ke faɗa mini?" Na ce, "Ina ji, Yaya. Ni ma ban taɓa ganin ya ciji kowa ba." Ya tashi yana gunaguni, ya ƙone yatsu, yanzu kuwa fariya yake yi wai duk gidan babu wanda ya kai shi iya juya tortiya. Ga shi can, ku tambaye shi.

Na biyu. Kuka kwashi 'yan mata kuka kai su yawon duwatsu, ta dawo aljihunta cike da tsakuwa, injin wankina bai sake zama daidai ba. Yau wai ilimin duwatsu za ta karanta. Na ce, "'Yar nan, likita fa? Lauya fa?" Ta ce, "Mama, duwatsu suna ba da labarin abin da ya faru tun kafin a yi mutane." Na ce, "Ni ma ina ba da labari, kuma ni har abinci nake dafawa. Ga duwatsu nan sun kewaye mu ko'ina, sai na can ne suka iya magana?" Ta ce malamansu ne ke can.

Na uku shi ne babba, kuma a nan ina roƙon a daina dariya na ɗan lokaci, ko da ni na jawo ta.

Tun Yaretzi ba ta kai tsayin teburin mai kanti ba ita ce bakina a ƙasar nan. Ita ce bakina a gaban mai gidan haya, ita ce bakina a makaranta, ita ce bakina a kanti da asibiti. Yawancin matan da ke zaune a nan suna da irin wannan bakin a gida, mai kitso biyu da jakar makaranta. Ranar da likita ya fito ya faɗi abin da ke cikin hantar mijina, marigayi Eusebio, yarinyar nan ya kalla, domin ita ke jin Turanci. Ta saurare shi har ya gama, ta juyo ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ya ce mu kai Baba gida ya huta, mu dafa masa duk abin da yake so." Ni na gane, ita ma ta gane. Haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba a lokacin. Ba ni na zaɓa mata wannan aiki ba, kuma ba zan tsaya a nan in ce na yi laifi ba. Babu wanda ya zaɓa. Haka muka samu kanmu.

Sai ga ajinku na Turanci domin iyaye mata. Yaretzi ta sa sunana, ta ce, "Mama, ana ba da kofi da biredi, kuma Goggo Chayo na zuwa, za ku sha hira." Na tafi domin hira. Ina can ina tauna kalmomi kamar mai cin ɗanyen wake, ina alfahari wai an ƙarfafa ni, ashe hanya ake share wa wata. Ban farga ba sai ranar da muka je asibiti saboda gwiwata. Nas ta yi tambaya, na taɓa Yaretzi da gwiwar hannu kamar kullum. Ta yi gum tana kallon silin. Na ce, "Ke, fassara mana." Ta ce, "Kin ji abin da ta ce ai." Na ce, "Na ji, amma ke ce mai amsawa." Ta ce, "Mama, yau bakina yana hutu." Na harare ta hararar da take sa kawunta ma ya nutsu, ko gezau. Dole na buɗe baki. Na yi gumi, na yi in-ina, nas ta gane, ta rubuta magani. A mota Yaretzi tana ta murna. Ni kuwa a ranar na gane yarinyar nan tafiya take shirin yi.

Shi ya sa da maganar jami'a ta zo na ce, "Wa zai zama bakina?" Amma bari in faɗi gaskiya a gaban Fada: ba baki nake tsoron rasawa ba. Tsoro nake ji in dawo daga aiki in buɗe ƙofa, babu mai cewa, "Mama, kin dawo?"

Ta ce, "Shi ke nan, ba zan tafi ba." Ba ta yi kuka ba, ba ta buga ƙofa ba. Makon jiya sai Chayo ta raɗa mini a wurin aiki cewa ta ga Yaretzi a ofishin Mista Hendricks, mai ɗaukar ma'aikata a rumbunmu, tana neman a sa ta a layin tsintar tuffa kusa da ni. Jama'a, na dubi hannuwana. Ku ma ku dube su, ga su nan: yatsun da ba sa miƙewa da safe sai an jiƙa su a ruwan zafi. Na cire safar hannu, na bar layi, na hau bene zuwa ofishinsa.

Mista Hendricks ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshenmu, kuma babu wanda na nema ya raka ni. Na tsaya a gabansa na ce masa, da Turancin da kuka koya mini, "'Yata ba ta aiki a nan. 'Yata tana zuwa jami'a. In ka ɗauke ta, ni da kai ne." Ya ce, "Misis Barragán, yarinya ce mai hankali, muna bukatar irinta." Na ce, "Na sani. Ni na haife ta. A'a." Ban tabbata kowace kalma ta zauna a mazauninta ba, amma ya gane, har ya miƙe ya buɗe mini ƙofa.

To, manyan baƙi masu tallafi, ga sakamakon alherinku, ku kai labari gida: aikin farko na kirki da na yi da Turancinku shi ne hana 'yata samun aiki. Yaretzi, kin dawo gida ran nan kina mamakin yadda rumbun da ke ɗaukar kowa ya ce babu gurbi. Yanzu kin ji. Tashi ki zo nan. Zo mana, ke da kike kallon mutane cikin ido, yau kuma ke ce mai rufe fuska?

Matso da goshinki in zana miki gicciye. Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Na sa miki albarka, 'yata, ni da mahaifinki. Kin yi magana a madadina tun kina ƙarama; na sallame ki, je ki yi taki. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sanyin can da mutanen banza, Uwarmu Maryamu ta Guadalupe ta lulluɓe ki da mayafinta. Kada ki damu da ni. Zan yi kuka, wannan kuwa ba ruwanki.

Allah ya albarkaci wannan gida da masu hidima a cikinsa. Allah ya buɗe wa 'yan matan nan hanya, ya ba iyayensu mata ƙarfin zuciyar tsayawa a bakin ƙofa su ɗaga musu hannu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.