Yadda Na Ji Daɗin Ciwon Mama Saratu

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana mata, cikin sunan Yesu Almasihu. Yabo ga Ubangiji!

Yawancinku kun san ni. Ni ce Hannatu matar Bulus, mai kitso a bayan tashar jirgin ƙasa nan Kaura. Ku yi haƙuri, abin da zan faɗa abin kunya ne. A kan marigayiya Mama Saratu ne, kuma sai da na nemi izinin 'yarta Ladi, ga ta can zaune, kafin na miƙe.

Ladi ma ba za ta musa ba, Mama tana da harshe. Idan ɗankwalinki ya zame a sujada za ta faɗa a gaban kowa. Idan miyarki ta yi gishiri ranar Kirsimeti, sai duk ikilisiya ta ji labari. Mun saba, muna cewa halin tsufa ne.

Ni ma haka nake ɗauka, har daminar da ɗana Ayuba ya rasu. Zazzaɓi ne ya kama shi, kafin mu farga ya tafi, bai ma shiga firamare ba. Ina zaune a tabarma mata suna ta shigowa gaisuwa, sai ga Mama. Ta zauna, ta gyara zaninta, ta dubi matan da ke ɗakin ta ce, "Uwar da take kitso ranar Lahadi, ai dole Allah ya ja mata kunne."

Gaskiya ne na yi kitso wata Lahadi, jajibirin Sallah, 'yan matan unguwa sun cika mini gida. Amma a ce don haka aka ɗauke mini yaro? Na haɗiye maganar, ta zauna mini a ƙirji, na ci gaba da durƙusa mata duk Lahadi ina cewa, "Ina kwana, Mama."

Ana nan wata rana ina cikin yi wa wata kitso, maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Kin ji Mama Saratu ta faɗi a banɗaki? Ɓarin jikinta ya shanye, har baki ya karkace."

Bakina ya ce, "Wayyo, Allah ya ba ta lafiya." Amma zuciyata cewa ta yi, ashe bakin aka fara kamawa! 'Yan'uwa, wani sanyi na ji ya ratsa ni. Ranar na dafa shinkafa da wake na ci har na ƙara, rabon da in ci abinci haka tun Ayuba yana da rai. Kai, Ubangiji ka yi mini jinƙai!

Abin bai tsaya nan ba. A taron zumuntar mata na makon, uwargidan Fasto ta ce ni zan yi wa Mama addu'a. Na miƙe a wurin nan da nake tsaye yanzu, na ɗaga murya, na roƙi warkarwa, wasunku har da hawaye kuna cewa Amin. Ni kuwa ko kalma ɗaya ba ta fito daga zuciyata ba. Na yaudare ku ranar, ku gafarta mini.

Ladi tana koyarwa a Shinkafi, kun kuma san yadda hanyar nan ta zama saboda 'yan bindiga, ba kullum ake bin ta ba. Sai zumunta ta raba mana ranakun jinya. Da tawa ta zo na dama kunu na tafi, don kada a ce ban je ba.

Na same ta kwance a kan katifa a ƙasa, ɗakin yana wari. Yawu yana zuba ta gefen bakinta, ƙudaje sun taru a wurin, wasu har a idonta. Hannunta mai lafiya ya maƙale a ƙarƙashinta, ta kasa zaro shi. Tana kallona, ina kallonta. Mafici yana nan kusa da ƙafata. Ban ɗauka ba. Na tsaya da kwanon kunu a hannu ina kallon ƙudajen nan suna yawo a kan leɓen da ya faɗa mini waccan magana.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai na ji sallama. Inno ce, tsohuwar nan Musulma mai sayar da fura a gidan da ke jikin nasu. Ta dube ni, ta dubi Mama, ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike kallo? Ba ki ga ƙudaje sun cika mata huska ba?"

Ta ɗauki maficin ta kore su, ta zaro mata hannun, ta share mata baki da gefen mayafinta. Tana yi tana cewa, "Wagga mata ko gaisuwata ba ta amsawa da daɗi, amma ai ba a barin mutum haka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ba Mama kunun ban yarda mun haɗa ido ba, na gudu gida.

Lahadin da ta biyo baya akwai Jibin Ubangiji. Da aka iso kaina da gurasa, hannuna ya ƙi miƙuwa. Na sunkuyar da kai har aka wuce. Muna komawa gida maigidana ya ce, "Hannatu, lafiya? Na ga ba ki karɓa ba."

Na faɗa masa duka, har da ƙudajen. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai kawai ya ce, "Ni ma na ji abin da ta faɗa ran nan, ina bakin ƙofa. Ɗana ne ni ma. Amma ki shiga ki faɗa wa Allah kamar yadda kika faɗa mini, kada ki gyara ko kalma ɗaya."

Na shiga ɗaki da ranar nan na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, ba na tausayin matar nan. Na ji daɗi da ta faɗi. Na nemi tausayi a cikina ban samu ba, kuma ba zan iya ƙirƙiro shi ba. Ni ma da ka duba halina da ba ka mutu domina ba. In kana da tausayin da za ka ara mini, ka ba ni, nawa ya ƙare." Na yi kuka har muryata ta dushe, kukan Ayuba da kukan kaina duk a haɗe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da na tashi ban ji ina ƙaunarta ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a rai, gashinta. Na tuna yadda na gan shi a cukurkuɗe, ba wanda ya taɓa shi tun da ta kwanta.

Washegari, ba ranata ba ce, na ɗauki mataji da tsinke da man kaɗanya na tafi. Inno ta taya ni ɗaga ta, na zauna na ɗora kanta a cinyata. Gashin ya dunƙule, ƙeyarta duk ta yi gyambo saboda kwanciya. Na wanke da ruwan ɗumi, na fara warwarewa a hankali. Kun san abin da ta fara ce mini da bakin nan da ba ya fita sosai? "Hannunki... zafi."

Ko a nan sai da ta sami abin kushewa! Har Inno ta yi dariya. Na ce, "Yi haƙuri, Mama," na sassauta.

Ina cikin yi na lura da ƙanƙantar kan. Ba shi da nauyi ko kaɗan, duk furfura, jijiya tana bugawa a gefen goshi. Matar da nake tsoro shekara da shekaru ke nan. Da na gama zan zame ƙafata, sai ta damƙe zanina da hannunta mai lafiya. Na duba idonta na ga tsoro zalla, tsoron a fita a bar ta ita kaɗai a ɗakin nan.

A nan ne abin ya zo. Wani abu ya narke a ƙirjina, hawayena suka ɗiga a kan kitson. Halleluya! Ba daga gare ni ya fito ba, ni na san abin da ke cikina. Na koma na zauna, ta yi barci a cinyata har ƙafata ta yi tsami.

Daga ranar na riƙa zuwa, ko ranata ce ko ba tawa ba. Mama ba ta warke ba, ta rasu da kaka ana yankan gero. Ba ta taɓa ce mini in yafe mata ba, ban ma san ko ta tuna maganar ba, ni kuma ban tayar ba. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ban yi kururuwa a bakin kabari ba, amma baƙin cikin da na ji na gaske ne, babu ko ɗigon daɗi a cikinsa.

Har yau idan na tuna maganarta nakan ji zafi, sai in sake durƙusawa. Ban zama waliyyiya ba.

'Yar'uwa, wataƙila akwai wanda idan aka ce miki yau ya kwanta ciwo, zuciyarki ba za ta motsa ba. Kada ki rufe da kyakkyawar addu'a. Ki kai wa Yesu zuciyar a bushe yadda take, ya san ta tun kafin ki buɗe baki, kuma bai kore ni ba da na kai masa tawa. Ki dogara gare shi.

Na gode wa Allah da bai bar Mama ta tafi ina maƙiyiyarta ba. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.